Gwajin ADA: abin da yake faɗa a kan tarin fuka, da abin da ba ya iya faɗa

A manyan asibitocin Maradi, Garwa, Njamena ko Kumasi akwai wani irin majiyyaci da ke sa likita ya dakata ya yi tunani. Mutum ne da ya yi makonni yana fama da zazzaɓi, zufa na jiƙa masa riga da dare, ya rame, in ya ja dogon numfashi sai ya ji kamar an soke shi a gefen haƙarƙari. An ɗauki hoton ƙirji, an ga ruwa ya taru a ɓangare guda. Alamu duk sun karkata ga tarin fuka, amma an gwada kakinsa ba a ga ƙwayar cutar ba. Wani ma tarin nasa busasshe ne, babu kakin da zai tofar. A nan ne likita kan rubuta haruffa uku a takardar gwaji: ADA.

Dangin majiyyaci sukan ɗauka gwajin jini ne irin na maleriya ko taifot, a miƙa hannu a ɗebi jini, a dawo gobe a karɓi sakamako. Lallai ana iya auna ADA a cikin jini, kuma akwai cututtukan da sai a jinin ake gane su. To amma a maganar tarin fuka, amfanin gwajin yana ga ruwan da aka zuƙo daga inda cutar ta yi sansani. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin a kansa ake yanke shawarar ko mutum zai shiga shan magani na wata shida.

Sinadarin da ke bin sawun sojojin jiki

A takardun asibitocin ƙasashen da ke aiki da Faransanci, cikakken sunansa shi ne adénosine désaminase. Haruffan nan uku kuwa iri ɗaya ne a Yamai da Kano da Yawunde da Akkara. Yana cikin sinadaran da masana ke kira anzim, wato waɗanda aikinsu shi ne juya wani abu ya koma wani cikin sauri. Duk matar da ta taɓa dama kunun zaƙi ta ga irin aikinsu: busasshen dankali ko tsiron shinkafa da take zubawa shi ke sa kunu mai kauri ya tsinke ya yi zaƙi. Jikin mutum cike yake da dubban irin waɗannan sinadarai, kowanne da nasa aikin.

Aikin ADA sharar gida ne. Kullum ƙwayoyin halittar jiki suna mutuwa wasu na maye gurbinsu, kuma ragowar da suke bari tana ɗauke da wani abu mai suna adenosin da ɗan'uwansa, waɗanda in suka taru sukan zama guba. ADA ke sarrafa su su koma abin da jiki zai iya fitarwa ko ya sake amfani da shi. Kusan ko'ina a jiki akwai shi, amma ya fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, musamman nau'in da ake kira limfosit, waɗanda su ne sojojin da jiki ke turawa idan ƙwayar tarin fuka ta shigo. Duk inda waɗannan sojoji suka taru suna hayayyafa suna faɗa, ADA na ƙaruwa a wurin.

Ke nan gwajin ba ya ganin ƙwayar cutar da kanta. Ƙurar fagen fama yake aunawa. Ƙarfinsa da rauninsa duka daga nan suka samo asali.

Me ya sa ƙwayar ke ɓuya

Tun ranar 24 ga Maris 1882, da Bajamushe Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, babbar hujja a kan cutar ita ce a ga ƙwayar ko a kama alamarta. Ga mai tarin fuka na cikin huhu, kaki ya wadatar. Ana duba shi a madubin likita, ko a sa shi a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS ko WHO, ta amince da ita a ƙarshen 2010, kuma take ba da amsa cikin kusan awa biyu.

Sai dai cutar ba a huhu kaɗai take zama ba. Rahoton hukumar na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a 2023, miliyan 1.25 suka mutu. Daga cikin waɗanda ake rubutawa a rajistar asibitoci, kusan ɗaya cikin shida cutar a wajen huhu take: a kaluluwar wuya, a ƙashin baya, a ciki, a tantanin ƙwaƙwalwa, ko a tantanin da ya lulluɓe huhu. Wannan na ƙarshen yana cikin waɗanda suka fi yawa, kuma shi ne asalin gidan gwajin ADA.

Huhu yana cikin riga mai ninki biyu, ɗaya manne da shi, ɗaya manne da bangon ƙirji, da ɗan ruwa kaɗan a tsakani don kada su goge juna. Idan wani ƙaramin gurbin cutar da ke bakin huhu ya fashe cikin wannan tsakani, ƙwayoyi ƙalilan ne ke zubowa, amma martanin jiki ya fi ƙarfin abin da ya zubo. Sojoji su yi dafifi, tantanin ya kumbura, ruwa ya yi ta taruwa, wani lokaci har ya wuce lita guda, ya danne huhu. Ruwan cike yake da fararen ƙwayoyin jini, ƙwayar cutar kuwa sai an tona.

Madubin likita yana buƙatar dubban ƙwayoyi a cikin kowane mililita kafin ido ya gan su, shi ya sa a wannan ruwa ba ya kama ko mutum ɗaya cikin goma. Shuka ƙwayar a ɗakin gwaji ta fi haka, amma ita ma ta kan rasa fiye da rabi, ga kuma jiran makonni, har zuwa takwas a tsohuwar hanya. GeneXpert ɗin da ya yi suna a kan kaki, a ruwan ƙirji nau'insa na farko ko rabin masu cutar ba ya kamawa. Sabon nau'in, Ultra, ya fi shi, amma har yanzu idan ya ce babu, ba a gama magana ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ciro ɗan yanki na tantanin a bincika, wadda ke buƙatar gwani da kayan aiki da likitan da ya san karatun nama, abin da ba kowane asibitin jiha ke da shi ba.

Wani abin da ke yaudarar iyalai shi ne, ruwan kan iya janyewa da kansa bayan wata ɗaya zuwa ƴan watanni. Majiyyaci ya ji sauƙi, a gode wa jiƙon da ya sha, a koma kasuwa. Wani bincike da aka yi a kan sojojin Amurka, aka buga a 1955, ya bi sawun irin waɗannan mutane da ba su sami magani ba: kusan biyu cikin uku cutar ta dawo musu cikin shekara biyar, a huhu ko a wani sashen jiki. Saboda haka likita ba ya da damar cewa a bari a gani.

Lamba 40

A 1978 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Piras suka buga sakamakon da ya nuna cewa ADA ya fi yawa ƙwarai a ruwan ƙirjin masu tarin fuka fiye da na sauran majiyyata. Abin da ya ja hankali shi ne sauƙin aikin. Yayin da ADA ke sarrafa adenosin, yana sakin amoniya. A tsohuwar hanyar da ake kira ta Giusti, ana zuba sinadarin da ke canza launi gwargwadon amoniyar, a karanta launin a na'ura irin wadda ɗakunan gwaji da yawa suke da ita tun da can. A yini guda ana iya samun amsa.

Ana ɗibar ruwan ne ta hanyar da takardun Faransanci ke kira ponction pleurale. Majiyyaci ya zauna ya duƙa gaba, a kashe zafin wurin da allura, a shigar da wata allurar tsakanin haƙarƙari biyu ta baya, a zuƙo ruwa, galibi rawaya kamar ruwan lemun tsami. Idan ruwan ya yi yawa ana rage shi a lokacin, numfashi ya samu sarari.

Sakamakon na fitowa da lamba, a gabanta an rubuta U/L ko UI/L. Mafi yawan asibitoci suna ɗaukar 40 a matsayin iyaka. Wani nazari da aka buga a 2008, wanda ya haɗa bincike 63, ya nuna cewa gwajin na kama kusan 92 cikin 100 na masu tarin fuka na rigar huhu, yana kuma wanke kusan 90 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. Bincike a Afirka ta Kudu ya ƙara nuna cewa yana aiki har ga masu cutar sida da garkuwar jikinsu ta yi ƙasa sosai, abin da da farko aka yi shakka a kai.

Waɗannan alƙaluma suna da kyau, amma ma'anarsu na sauyawa da wurin da majiyyaci yake. A ɗauki mutum 100 masu ruwa a ƙirji a garin da rabinsu tarin fuka ne ya jawo musu. Gwajin zai kama 46 daga cikin 50 masu cutar, ya kuma ɗora wa 5 daga cikin sauran 50 laifin da ba nasu ba. Cikin mutum 51 da lambarsu ta haura, 46 gaskiya ne. Yanzu a koma wani asibiti a Faransa inda, a ce, 5 ne kawai cikin 100 ke da cutar. Gwajin zai kama kusan duka biyar ɗin, amma zai haɗa da mutum 9 ko 10 da ba su da ita. Biyu cikin uku na waɗanda ya nuna, kuskure ne. Wannan ne dalilin da ya sa likita a Damagaram ko Marwa zai iya fara magani a kan lamba 70 ga matashi mai alamun cutar, takwaransa a Turai kuma ya ce sai an ciro nama. Dukansu suna kan daidai. Ɗan ci-rani da ya turo wa ɗan'uwansa shawarar likitan can ta waya ya kamata ya san da wannan.

Lamba ƙasa da 40 tana da nauyi a ko'ina: tana rage zargin tarin fuka ƙwarai. Duk da haka a farkon cutar, ko ga tsofaffi, lambar kan iya fitowa ƙasa, kuma idan zargi ya yi ƙarfi likita kan sake ɗibar ruwan bayan ƴan kwanaki.

Cututtukan da ke shigar burtu

Tunda ƙurar faɗa ake aunawa, duk wani faɗa mai kama da wannan zai iya ɗaga lambar. Na farko shi ne mugunya da ke taruwa a ƙirji bayan ciwon nimoniya. Sai sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. Sai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, kamar ciwon gaɓoɓi na rumatoyid da lupus. Akwai kuma burusela, zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nono ko wajen taimakon dabba haihuwa, wanda bai kamata a manta da shi ba a yankin da kiwo ya zama sana'ar miliyoyin mutane. Lambar da ta yi tashin gwauron zabi ta wuce 250 ma ta fi karkata ga mugunya ko limfoma fiye da tarin fuka.

Saboda haka likitan kirki ba ya karanta ADA shi kaɗai. Yana neman a ƙirga irin fararen ƙwayoyin da ke cikin ruwan. Idan limfosit ne suka rinjaya ga kuma ADA a sama, zargin tarin fuka ya yi ƙarfi. Idan nau'in da ake kira nutrofil ne suka cika shi, ruwan kuma ya yi kauri ko wari, sai a nemi mugunya. Yana duba shekarun majiyyaci, ko yana shan taba, ko wani a gidansu ya yi tari mai tsawo. Kuma yana tura ruwan da kaki duka zuwa GeneXpert, don dalili biyu. Ɗaya, ADA ba ya cewa komai a kan ko ƙwayar na jin magani ko ta bijire wa rifampisin, alhali maganin mai bijirewa daban ne gaba ɗaya. Biyu, ko da hoto ya nuna huhu fes, idan aka sa majiyyaci ya shaƙi tururin ruwan gishiri don kaki ya fito, akan sami ƙwayar a kusan rabinsu. Wannan ke nuna ko akwai haɗari ga mutanen gida. Tarin fuka da ya tsaya a rigar huhu kaɗai ba ya yaɗuwa ta numfashi, kuma ware wa mutum kwano da moɗa, kamar yadda aka saba, ba ya kare kowa, domin ta iska cutar ke tafiya.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin shirin yaƙi da cutar na ƙasashen yankin, amma ba ruwan sha ba ne: wata biyu ana shan magani huɗu a haɗe, isoniyazid, rifampisin, pirazinamid da etambutol, sannan wata huɗu ana shan biyun farko. Uku daga cikinsu na iya taɓa hanta. Mutumin da limfoma ce ke cinsa aka ɗora shi a kan wannan hanya, ya yi asarar watannin da sankarar ke da sauran magani. Don haka duk wanda aka fara wa magani a kan hujjar ADA kawai, ya yi makonni zazzaɓi bai sauka ba ko ruwan na ta dawowa, komawa wurin likita ya kamace shi, ba canza chemist ko mai magani ba.

Ciki, zuciya da ƙwaƙwalwa

A ruwan ciki gwajin ya yi fice. Yankin Sahel na cikin wuraren da ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya, saboda haka da an ga ciki ya kumbura da ruwa, tunani na farko hanta ce ta lalace. Sau da yawa haka ne. Amma tarin fuka na tantanin ciki yana zuwa da kama iri ɗaya, kuma shi yana warkewa. Auna ADA a ruwan, da iyaka tsakanin 36 da 40, na taimakawa wajen raba su. Haka nan a ruwan da ke taruwa cikin jakar da ta lulluɓe zuciya, wanda a Afirka kudu da Sahara tarin fuka ne kan gaba wajen haddasa shi.

A ruwan laka kuwa, wanda ake ɗiba ta ƙashin baya idan ana zargin sanƙarau, gwajin ba shi da wannan ƙarfi. Iyakar tana ƙasa sosai, wajen 8 zuwa 10, kuma sanƙarau irin na lokacin zafi da aka saba gani daga Senegal zuwa Habasha shi ma yana ɗaga lambar. A nan hukumar lafiya ta fifita Xpert Ultra a matsayin gwajin farko, kuma idan zargi ya yi ƙarfi ana fara magani ba tare da jiran takarda ba.

To jinin hannu fa?

ADA na jini yakan hau ga mai tarin fuka, amma yana hawa ga mai ciwon hanta, da mai taifot, da mai sida, da mai lupus, da mai kala'azar irin wanda ya addabi gabashin Sudan. A yankin da waɗannan cututtuka ke zaune kafaɗa da kafaɗa, lambar ba ta nuna kowa. Ba ya cikin gwaje-gwajen da hukumar lafiya ta amince a gano tarin fuka na huhu da su. Mai tari na sama da mako biyu, kaki da hoton ƙirji yake buƙata.

Gargaɗin ya shafi wasu gwaje-gwajen jinin ma. A Yulin 2011 hukumar ta fito fili ta ce a daina amfani da gwaje-gwajen kasuwa da ke neman alamar garkuwa a jini don gano tarin fuka, saboda yawan kuskurensu, kuma Indiya ta haramta su a shekara mai zuwa. Gwajin fata na tuberkulin da gwajin jini na IGRA suna da amfaninsu, amma abin da suke nunawa shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Ba sa bambanta wanda take kwance a jikinsa shiru da wanda take ci.

Ga masu neman magani a tsallaken iyaka, kamar ɗan Ƙonni da ke zuwa Sakkwato ko ɗan Kuseri da ke haye gada zuwa Njamena, akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata babban aiki. Zafi na rage ƙarfin ADA a cikin kwalba. Ruwan da aka sa a aljihu aka yi yini da shi a mota cikin watan Afrilu zai iya ba da lamba ƙasa da gaskiya, don haka a cikin sanyi ake kai shi. Ɗakunan gwaji kuma ba hanya ɗaya suke bi ba, 45 na wannan ba lallai ya zama 45 na wancan ba. Takardar da za ta yi amfani a gaban likita na biyu ita ce wadda ta nuna irin ruwan da aka auna, liquide pleural ne ko ascite ko LCR ko sérum, da iyakar da ɗakin gwajin ke aiki da ita. Wanda ya riga ya fara magani kuma zai koma gida, ya karɓi katinsa da takardar canjin cibiya kafin ya tashi.

Jaririn da aka haifa babu ADA

A tarin fuka yawan sinadarin ake nema. Akwai wata cuta da rashinsa ne matsalar, kuma a nan ne gwajin jini yake da cikakken iko.

A 1972 wata likitar jini a birnin Seattle na Amurka, Eloise Giblett, tana binciken jinin wata yarinya da cututtuka suka hana sakat, don a samo wanda zai ba ta ɓargo cikin danginta. Sai ta tarar babu alamar ADA ko kaɗan a jajayen ƙwayoyin jinin yarinyar. Da aka sami yaro na biyu mai irin wannan hali, aka gane cewa rashin sinadarin ne ke rusa garkuwar. Sharar da ba a kwashe ba tana taruwa ta kashe limfosit tun suna ƙanana, jariri ya taso babu sojoji. Takardun Faransanci na kiran wannan rukunin cututtuka DICS, na Ingilishi SCID, kuma rashin ADA ne sanadin kusan 10 zuwa 15 cikin 100 na masu shi.

Cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, ƙiyasi ya kama daga haihuwa ɗaya cikin 200,000 zuwa ɗaya cikin miliyan. Gadonta ake yi, kuma tsarin gadon irin na sikila ne: uwa da uba lafiyarsu lau, amma kowanne na ɗauke da rabin matsalar, sai kowane ciki ya zama yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci, da ya zama ruwan dare a zuri'o'i da dama, yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da abu iri ɗaya su haɗu.

Jaririn kan fara ne da farin baki da ba ya jin magani, gudawa da ba ta tsayawa, nimoniya a kai a kai, da ƙin girma, tun watannin farko. A yankin nan abubuwan da suka fi jawo irin wannan su ne tamowa da sida, kuma su ake fara bincika. Abin da ke ɗaga zargi shi ne tarihin gida: an taɓa rasa jariri ɗaya ko biyu a irin wannan yanayi kafin su shekara, an ce wabi ne. Gwajin farko ba mai tsada ba ne, ƙirgen ƙwayoyin jini ne da ake rubutawa NFS. Sai dai a karanta shi da ma'aunin jarirai, domin lafiyayyen jariri ya fi babba yawan limfosit nesa ba kusa ba, kuma 1,500 da ba laifi ga babba, ga ɗan wata biyu alamar haɗari ce. Tabbaci na zuwa ne daga auna ADA a jajayen ƙwayoyin jini da gwajin ƙwayar gado. Idan an yi wa yaron ƙarin jini kwanan nan, dole a faɗa wa likita, domin ADA na wanda ya ba da jinin zai rufe gaskiya.

A nan maganar ta sake haɗuwa da tarin fuka. Allurar BCG da ake yi wa jarirai a hannu bayan haihuwa tana ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, musamman sanƙarau na tarin fuka, kuma kusan kowane jariri ita ce alheri gare shi. Jaririn da ba shi da limfosit ne kawai ba ya iya tsare ko wannan raunanniyar ƙwaya, sai ta bazu a jikinsa. Matar da ta taɓa rasa jarirai ta wannan hanya ya dace ta faɗa wa ungozoma ko likita tun a awon ciki, don a duba jinin sabon jaririn kafin a yi masa allurar.

In ba magani, yawancin yaran ba sa kai shekara biyu. Magani kuwa akwai shi, duk da cewa yana nesa da yawancin iyalan yankin. Akwai dashen ɓargo, wanda ya fi nasara idan daga ɗan'uwa ko ƴar'uwa ne da jininsu ya dace. Akwai allurar sinadarin kansa, da Amurka ta amince da ita a 1990, wadda da farko daga hanjin shanu ake samo ta. A watan Satumban wannan shekarar ne kuma aka yi wa wata yarinya ƴar shekara huɗu mai rashin ADA gwajin gyaran ƙwayar gado, na farko da hukuma ta amince da shi a Amurka. A 2016 Tarayyar Turai ta ba da lasisi ga irin wannan magani mai suna Strimvelis, da ake yi a asibitin San Raffaele na birnin Milan.

Sinadarin yana da ƙani, ADA2, wanda shi ya fi yawa a ruwan jini. A 2014 ƙungiyoyin masu bincike biyu suka bayyana cutar da rashinsa ke jawowa: zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, zane-zane kamar raga a fata, kumburin jijiyoyin jini, da shanyewar ɓarin jiki tun ana yaro. Yaron da ɓarin jikinsa ya shanye a Nijar, Najeriya ko Kamaru, sikila ce abin zargi na farko, kuma da wuya a wuce ta. Idan an kore ta ne ake waiwayar irin wannan. Ana gano cutar da auna ADA2 a ruwan jini, ana kuma danne ta da allurai masu toshe wani sinadarin kumburi da ake kira TNF. Waɗannan allurai suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance shiru a jiki, saboda haka kafin a yi ta farko sai an ɗauki hoton ƙirji, an kuma yi gwajin fata ko na IGRA.